Babi na Shida: Likitan Me Za Ka Zama?

Ranar da ɗalibin likitanci ya fara rataya abin awon ƙirji a wuya, ranar ce 'yan gidansu suke fara yi masa tambayar da ba ta ƙarewa. Kafin nan ya shekara uku tsakanin aji da ɗakin gwaji, yana haddar ƙasusuwa da jijiyoyi, ba wanda ya damu ya san abin da ke cikin littattafan. "Ai karatun likita yake" ta ishi kowa. Amma da zarar an gan shi da farar riga a kafaɗa ya nufi asibiti, sai gwaggo ta tare shi a tsakar gida: "To ɗan nan, kai likitan me za ka zama?" Kawu ya yi masa ita a zaure bayan magariba, abokai su yi masa a majalisa. Kusan duk mai tambayar kuwa ya riga ya san amsar da yake son ji da wadda ba ya so.

A cikin badalar Kano aka haife ni, a nan na tashi. Na sha wannan tambaya, yau kuma ina kallon ɗalibaina suna shan ta. Abin da shekaru suka nuna mini shi ne, yaron da ake wa tambayar bai cika amsawa da abin da idonsa ya gani a asibiti ba. Yawanci abin da ya ji ana faɗa ne yake fitowa daga bakinsa. Wannan abin da ake faɗa shi nake so mu duba, da kuma mutanen da abin yake ƙarewa a kansu.

Rarrabuwar aikin magani ba baƙon abu ba ne a Kano. Tun kafin Turawa su ci garin a 1903, kowa ya san inda zai kai kukansa. Wanzami ne da aski da ƙaho da kaciya da cire beli. Wanda ya karye, maɗori ake nema masa. Mai naƙuda ungozoma ake kira mata. Mai neman saiwa da sassaƙe ya nufi Kasuwar Kurmi, mai neman rubutu da tofi ya je wurin malam. Sai dai duk waɗannan sana'o'i gado ne. Ba a tambayar ɗan wanzami me zai zama; tun yana goye ya san zabira tana jiransa. Kowace sana'a kuma da matsayin da gari ya ajiye ta, har ta kai ga ana duba ta kafin a ba mutum aure. Likitancin asibiti kuwa haye ne. Mafi yawan ɗaliban da nake koyarwa su ne na farko a zuriyarsu da suka taɓa riƙe wuƙar tiyata, babu uba ko kaka da zai ce musu ga yadda aikin yake daga ciki. To da yake gari bai da wani ma'auni sai tsohon da ya saba da shi, da shi yake auna sassan likitanci: wannan na manya ne, wancan na ƙasa ne, wannan bai dace da mace ba, wancan bai dace da ɗan mutunci ba.

Wanda yake son ganin inda ake wannan awo, ya shigo ta Ƙofar Mata, ya wuce karofi, ya tsaya a bakin Asibitin Murtala da hantsi. An kafa shi tun shekarun 1920, zamanin En'e, aka daɗe ana kiransa Asibitin Birni kafin a sa masa sunan Janar Murtala Muhammad, wanda aka kashe a 1976. Lokacin da aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, a nan ya fara zama kafin ya koma mazauninsa na titin Zariya. Saboda haka likitocin farko da Jami'ar Bayero ta yaye, a kan marasa lafiyar cikin birni suka koyi taɓa ciki da sauraron ƙirji. Daga shekara ta huɗu ɗalibi yake shiga abin da suke kira fostin: makonni a ɓangaren ciwon cikin jiki, makonni a tiyata, sai yara, sai mata da haihuwa, sai gajerun zagaye a ɓangaren ido, kunne da hanci, ƙashi, allurar barci, ƙwaƙwalwa. Yana bin bayan babban likita a zagayen safe, yana ɗaukar bayanin mara lafiya, yana kwana a asibiti ranar da kwana ya faɗo kansa. An tsara haka ne don ya ɗanɗana ko'ina kafin ya zaɓa. Zaɓin kuma ba ƙarami ba ne: shekara shida a jami'a, shekara ɗaya ta aikin koyo, shekara ɗaya ta bautar ƙasa, sannan shekara biyar zuwa shida ko fiye ta neman ƙwarewa, da jarrabawoyin Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko na kwalejojin Afirka ta Yamma. Abin da mutum ya zaɓa yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da shi zai yi furfura.

Amma kafin ɗalibi ya taka kowane ɓangare, labarinsa ya riga shi isa kunnensa. 'Yan ajin gaba sun gaya masa cewa likitocin tiyata mahauta ne, ga zafin rai ga girman kai. Na ƙashi kafintoci ne, guduma da ƙusa. Na cikin jiki sai dogon nazari da rubuta gwaji, ba sa warkar da kowa. Na yara masu reno ne. Na lafiyar al'umma sun gudu daga jini sun koma taron bita da alawus. Mai binciken cuta a ɗakin gwaji likitan gawa ne. Na ƙwaƙwalwa kuwa, in ka daɗe da su za ka ga su ma da sauƙi-sauƙi. Da dariya ake faɗin waɗannan maganganu, a ɗakin kwanan ɗalibai ko wajen mai shayi, kuma na san ɗaliban likitanci na Ingila da Masar da Indiya suna da irin nasu. Bambancin shi ne, a can yawanci maganar tana tsayawa a bakin ƙofar asibiti. A nan, ɗalibi zai koma gida ya tarar da ita tana jiransa a bakin mahaifiyarsa, da bakin wanda zai ba shi 'yarsa. Maganar da ka ji daga abokin karatu kana iya watsar da ita. Wadda ta fito daga bakin uwa, sai mai ƙarfin zuciya.

Ɗalibai mata su suka fi shan wannan. Yarinya za ta tsaya a gaban gado da farar riga da abin awo, ta gama tambayar dattijo duk abin da ke damunsa, ta duba shi, ta rubuta, sai ya ɗago ya ce, "Sannu 'yata, Allah ya yi albarka. Yaushe likitan zai zo?" In kuwa akwai namiji a tsaye, ko da ɗan ajin da ke bayanta ne, shi ake kira dakta, ita nas. Ba da mugunta dattijon ya faɗa ba, abin da ya taso ya gani ke nan, kuma aikin nas aiki ne mai daraja wanda asibiti ba ya kwana ɗaya babu shi. Amma a ce maka ba kai ba ne, sau goma a rana, shekara uku, yana cin rai. Daga nan sai shawara ta biyo baya, daga gida da kuma daga wasu malamai: ki nemi inda babu kwana, ki tuna za ki yi aure, wane miji ne zai yarda a buga waya ƙarfe biyun dare ki fita? Na ga ɗalibai mata masu hannun tiyata, hannu mai natsuwa wanda ba ya rawa in jini ya ɓalle, sun bar ta saboda wannan magana kaɗai. Ban ce kowace mace sai ta shiga tiyata ba, kuma wadda ta zaɓi aikin da zai bar mata lokacin 'ya'yanta ta yi zaɓi mai kyau in ita ta yi shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanke mata tun ba ta gwada ba.

Ga mai cewa aikin dare ba na macen Kano ba ne, akwai Farfesa Hadiza Galadanci. Ɓangaren mata da haihuwa, wanda ya fi kowane yawan tashin dare, shi ta zaɓa, ta zama farfesa a Jami'ar Bayero. Tana cikin jagororin babban binciken nan da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2023. Dabarar mai sauƙi ce: a shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin da ta zubar, a daina kintace da ido, in ya kai wani mizani a haɗa mata duk matakan tsayar da jini lokaci ɗaya maimakon a bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya rage mummunar zubar jini bayan haihuwa da kusan kashi 60 cikin 100. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen haihuwa a duniya a 2020 'yanta ne, a lissafa rayukan da ke cikin wannan. Da an shawo kanta tun tana ɗaliba cewa ta nemi inda babu kwana, wa zai mayar mana da su?

Namiji kuma nasa ƙalubalen a ɗakin haihuwa yake. Ba na manta wani dare ina ɗalibi, aka kawo wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha bakwai ba, ta kwana biyu tana naƙuda a gida, jijjiga ta fara kama ta. Likitan da ke bakin aiki namiji ne. Mijin ya tsaya a ƙofa ya ce shi namiji ba zai ga iyalinsa ba. Wata tsohuwar ungozomar asibiti ce ta ja shi gefe, ta ce masa, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka je ka tambayi duk malamin da ka yarda da shi hukuncin larura, amma kafin ka dawo matarka ta tafi." Ya sunkuyar da kai ya sa hannu. Ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Ɗalibin da ya ga irin wannan sau biyu sau uku, aka kuma haɗa masa da zolayar abokai cewa me namiji yake nema a cikin mata, sai ya ce shi da wannan ɓangare har abada. Na fahimci kunyar mutanenmu, ina kuma girmama ta. Mace ta fi sakewa da 'yar'uwarta mace, shi ya sa nake son a ninka likitoci mata. Amma kafin su wadata, doguwar naƙuda ba ta jira. A cikin Asibitin Murtala ɗin nan akwai sashen Laure Madaki na masu yoyon fitsari, matan da yawancinsu doguwar naƙuda ce ta huda musu mafitsara, miji ya sake su, dangi suka ƙyamace su. Mutumin da ya fi kowa ɗinke irin wannan rauni a Arewa namiji ne, baƙo ma: Dokta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, wanda ya zauna a Babbar Ruga ta Katsina tun farkon shekarun 1980, yana zuwa Kano yana aiki, ya yi wa mata sama da 20,000 tiyata, ya kuma koyar da likitocinmu da yawa. Ban taɓa jin wadda ta warke ta koma gida a bushe tana ƙorafin cewa namiji ne ya yi mata aiki ba.

Sai Dawanau. A Kano sunan nan ya zama zagi. Kasuwar hatsi ce a can wadda ake ji da ita a Afirka ta Yamma, amma in aka ce "a kai shi Dawanau" ba wanda yake tuna gero da riɗi, asibitin masu taɓin hankali ake nufi. Ɗalibi yana shiga zagayen ƙwaƙwalwa da tsoro biyu, na marasa lafiyar da kuma na abin da za a ce a kansa. Tsoro na farko yakan gushe cikin mako guda, domin gani ya kori ji. Zai tarar da mai jego wadda ta daina barci ta daina gane jaririnta, bayan makonni kaɗan na magani ta karɓe shi ta ba shi nono tana kuka. Zai ga ɗan kasuwar da baƙin ciki ya kwantar, aka yi ta cewa sammu ne. Zai ga mai farfaɗiya da aka hana makaranta saboda an ɗauka yawunsa yana yaɗa ciwon, alhali ƙwaya mai arha tana tsayar masa da faɗuwar. Kusan kowannensu ya biya ta wurin mai ruƙiyya ko mai magani kafin ya iso, ya kashe abin da yake da shi. Ɗalibai da yawa sukan fito daga wannan zagaye zuciyarsu ta motsa.

Ni ma tawa ta motsa. Na faɗa wa wani babban likita da nake ganin girmansa, a wani asibiti da na yi aikin koyo, cewa ina tunanin bin wannan fanni. A gaban abokan aikina ya dube ni ya ce, "Duk wahalar da iyayenka suka sha a kanka, a cikin mahaukata za ka ƙare?" Aka yi dariya. Da na kai maganar gida, mahaifiyata ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "In an tambaye ni aikin ɗana, me zan ce?" Ban zama likitan ƙwaƙwalwa ba. Ɓangaren cikin jiki na bi, ina son aikina, na gode wa Allah. Amma na san ba ni kaɗai na yanke wannan hukunci ba, kuma duk ranar da na rubuta wa mara lafiya takardar ganin likitan ƙwaƙwalwa, aka ba shi rana mai nisa saboda layi, sai maganar ta dawo mini.

A duba girman ramin da aka bari. Najeriya tana da mutum sama da miliyan 200, ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a cikinta ba su kai 300 ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da kayan maye cikin shekara guda, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. A shekarar ce BBC ta fitar da rahoton bidiyo a kan maganin tari mai kodin, wanda ya nuna samarin Kano ɗaure da sarƙa a gidan gyaran hali, gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi nan take. A 2019 aka bi gidajen mari a Kaduna da Katsina da Kano ana rufewa, bayan an ga halin da ake tsare mutane a ciki. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba ƙin su suke yi ba, rasa inda za su kai su suka yi. Gidan da ya hana ɗansa karantar ciwon ƙwaƙwalwa don gudun surutu, wata rana shi ne zai ɗauki ƙanen yaron cikin dare yana neman wanda zai duba shi. Doka ma ta daɗe tana barci a kan wannan: sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawa. Alhali a wannan fanni ne wani ɗan Najeriya ya koya wa duniya darasi. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa mai jinya, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Ya kai har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Garin da yake da malamai a kowane lungu kamar Kano ya fi ko'ina dacewa da irin wannan haɗin hannu, in da akwai likitocin da za su yi shi.

Akwai kuma sassan da laifinsu kawai shi ne ba a ganinsu. Mai allurar barci shi yake riƙe da numfashin mutum da bugun zuciyarsa tun daga sa wuƙa har ɗinki, shi ne kuma a ɗakin masu tsananin jinya, amma in aka fito wanda ya yi yankan ake wa godiya, da yawa ma ba su san shi likita ba ne. Wanda ake kira likitan gawa, mafi yawan aikinsa a kan masu rai ne: shi yake duba tsokar da aka yanko ya ce wannan ƙari daji ne ko ba daji ba, a kan maganarsa ake cire nono ko a bar shi. Ɗalibi yana son aikin da in ya shiga unguwa za a nuna shi, ba na kuma ganin laifinsa, mutum ne. Sai dai tiyatar da ake ɗagawa saboda babu mai sa barci, da sakamakon gwajin da ake jira makonni, daga nan suke farawa. Likitan ƙashi shi kuma da wani tabo yake yawo. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, amma har gobe za ka ji ana cewa in ka je can yanke ƙafa za a yi. Sai a kai wanda ya karye wurin ɗori, wani lokaci a dace, wani lokaci a ɗaure da kara tamau har jini ya daina gudana, naman ya mutu ya yi baƙi. Sannan a kawo shi Dala, lokacin da babu abin da ya rage sai yankewar, maganar gari kuma ta ƙara tabbata a idon mutane. Ɗalibin da ya ga hannun yaro ɗan shekara bakwai a wannan hali yakan fita da ɗaya daga cikin biyu: ko ya tsani fannin, ko ya ƙudura cewa shi zai zauna da maɗoran unguwarsu ya nuna musu karayar da ba tasu ba ce. Na biyun muke nema.

Masu cewa likitan lafiyar al'umma ɗan ofis ne, su tuna abin da garin nan ya gani. A 1996 sanƙarau ya yi ɓarna a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, cikin wani gwaji da ya shafi yara 200. 11 suka rasu, shari'a ta ja har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan rauni yana cikin abin da ya sa mutane suka saurari jita-jita lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A Fabrairun 2013 aka harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Duk da haka aka ci gaba, gida gida, tare da Sarki da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, har ranar 25 ga Agustan 2020 da aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Wannan ba aikin wuƙa ba ne, aiki ne na ƙirga yara, da kiyaye sanyin allura, da zama a zaure ana rarrashin maigida. Da mashaƙo ya ɓarke a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, mafi yawansu yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Ɗalibin da aka tura Kumbotso zagayen karkara ya ɗauke shi hutu, bai san abin da aka aike shi ya gani ba.

Ba zan ɓoye maganar kuɗi ba, domin ita ce sabon ma'aunin da ya shigo. Yau ɗalibi yana ajin ƙarshe yana tambayar wane fanni ne ake nema a Saudiyya, wanne ne ya fi sauƙin samun gurbi a Ingila bayan jarrabawar PLAB, wanne ne zai ba shi damar buɗe asibitin kansa. Albashi bai kai ba, yajin aiki ya yi yawa, kwana ya yi tsanani saboda waɗanda suka tafi ba a maye gurbinsu ba. Wanda ya lissafa wannan ba maci amana ba ne, yana da iyaye da ƙanne a wuyansa. Abin da ke ba ni takaici shi ne, fannonin da muke rainawa a nan, irin su ƙwaƙwalwa da allurar barci, suna cikin waɗanda ƙasashen waje suke ɗauka hannu bibbiyu. Ɗan kaɗan ɗin da suka jure surutu suka karanta, sai ga shi wasu ne suka san darajarsu.

Ɗaliban da na ga sun tsallake wannan tarko, kusan hanya ɗaya suka bi. Sun shiga kowane zagaye kamar a nan za su zauna, sun yi kwanan da aka ba su, sun lura da kansu: a wane ɗaki ne lokaci yake wucewa ban sani ba, wane mara lafiya ne nake komawa in duba ko ba a aike ni ba? Sun nemi likita ɗaya a fannin, wanda ya shekara goma a ciki, sun tambaye shi yadda yininsa yake da yadda gidansa yake, maimakon su tambayi ɗan ajin gaba da ya yi mako huɗu. Sun yi istihara. Sannan sun koma gida da haƙuri, ba da gardama ba, sun yi wa iyaye bayani da labarin mutum guda da suka gani ya warke. Wata ɗalibata da ta zaɓi allurar barci ta gaya mini cewa sai da aka yi wa yayarta tiyatar haihuwa, mahaifinsu ya ga wanda ya fito ya ce masa ta farfaɗo, sannan ya daina ce mata ta canza.

Ku 'yan'uwana malaman asibiti, ɗalibi yana ɗaukar wasanmu a matsayin fatawa. Kalmar da ka jefa a zagayen safe don a yi dariya, kai ka manta da ita kafin azahar, shi kuwa zai riƙe ta shekara talatin. Mu daina rage darajar fannin da ba namu ba a gaban yara. Ku kuma iyaye, gwaggo da kawu da ke tare su a tsakar gida da zaure, ba na ce ku daina tambaya ba, hakkinku ne, ku kuka sha wahalarsu. Amma in ɗanku ya dawo daga Dawanau ya ce zuciyarsa ta kwanta da aikin can, ko 'yarku ta ce ita tiyata take so, kada ku yanke magana a ranar. Ku tambaye su wa suka gani a kan gadon, me ke damunsa, me aka yi masa, yaya ya tashi. Ku saurara har su gama, sannan ku sa musu albarka.